Hudar saman kunne ana saura wata guda biki: a yi ko a haƙura?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Ina son ƙara huji a kunne, amma ba a ƙasa ba, can sama wurin guringuntsi, inda ake maƙala ɗan ƙaramin ɗan kunne mai dutse. Bikina saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Akwai mai salun a unguwarmu da ke yi da bindiga, ta ce kafin in ƙifta ido an gama, sati biyu ya warke. Wadda ta taɓa yi don Allah ta ba ni labari, zai warke kafin ranar kamu?

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Na yi, kuma gaskiya yana da kyau in ya zauna. Amma zancen sati biyu ki ajiye shi gefe. Na ƙasa da aka yi min ina yarinya ban san lokacin da ya warke ba, na saman nan kuwa na daɗe ban kwanta ta wannan ɓangaren ba. Ko hijabi zan cire sai na lallaɓa.

Ɗiyar Runji: Zafin hudar ba wani abu ba ne, kamar allurar hannu. Bayan nan ne aikin yake.

Gwaggo Ige: Ku ɗiyan yanzu komi sai kun maishe shi abin tsoro. Mu da munka tashi, da allura da zare anka huda muna kunne, a ƙulle zaren, a riƙa shafa man shanu, in ya kwana biyu a sa tsinke. Ku dubi Hillanin da ka kawo nono kasuwa, kunnensu tun daga bisa har ƙasa huji na jere. Wane asibiti sunka tahi? Ke ɗiyata in kina so ki yi abinki, Allah shi tsare.

Anty Nas: Gwaggo barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Ban musa miki ba, ana yi a warke lafiya, kuma su ne mafi yawa. Sai dai waɗanda kike gani a kasuwa su ne waɗanda nasu ya warke. Wadda nata ya lalace tana rufe shi da ɗankwali, mu take nuna wa a asibiti.

Amarya, ki taɓa ƙasan kunnenki, ki taɓa saman. Na ƙasa fata ce da kitse, jini na yawo a cikinta sosai, shi ya sa huji a wurin yake warkewa cikin sati 6 zuwa 8. Na sama guringuntsi ne, kuma guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa na kansa. Wata 'yar siririyar fata ce manne da shi ciki da waje take ciyar da shi. Inda jini bai wadata ba, rauni ba ya saurin haɗewa, kuma ko magani kika sha ba ya isa wurin da ƙarfi. Hudar sama takan ɗauki wata 6 zuwa shekara kafin ta warke har ciki. Bakin hujin zai bushe da wuri ki zaci an gama, alhali cikin ɗanye ne.

Yanzu ki lissafa abin da ke gabanki. Kitson amare, wankin kai, busar da gashi a salun, ɗaurin ashoke da za a ja a matse a kan kunne, gyaran jiki da dilka da halawa, turare ta ko'ina, ga 'yan uwa masu runguma. Kuma mai kwalliya za ta ce a cire wannan ɗan kunnen a saka wanda ya shiga da sarƙa. Duk waɗannan a kan ɗanyen rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanwata.

'Yar Mabera: Innalillahi, shekara fa kika ce Anty?

Anty Nas: Ba wai shekara kina jin zafi ba. Zafi da kumburi na makonnin farko ne. Amma har tsawon wannan lokacin kina lallaɓa shi, kuma in ya sha bugu ko matsi sai ya tashi.

Zee mai salun: Don Allah a riƙa yi mana adalci. Ni ma ina huda kunne da bindiga, kuma jarirai da manya duk ina yi. Ina goge ta da sifirit kafin in taɓa kowa, ɗan kunnen kuma a ledarsa yake zuwa a rufe. Waɗanda nasu ke ruɓewa yawanci su ne ba sa kula, su tafi gida su yi ta taɓawa da hannun da suka gama yanka albasa. In ya kumbura kuma a ce mai salun ce.

Ummu Sudais: Wannan ma gaskiya ne Zee, taɓe-taɓen nan ni shaida ce, hannu ba ya haƙuri.

Anty Nas: Zee ba da ke nake ba, kuma maganar taɓawa kin faɗi daidai. Matsalata da bindigar ce kanta, ko a hannun wa take. Ita ba huda take yi ba, ƙarfin murɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta ne ke cusa ɗan kunnen, kuma bakinsa bai kai allura kaifi ba. A ƙasan kunne wannan yakan wuce lafiya. A guringuntsi kuwa kamar ki buga ƙusa a ƙwarya ne, za ta shiga amma gefen yana iya tsagewa. A nan allurar Gwaggo ta fi bindigarki, in dai sabuwa ce. Masu yin aikin bisa ƙa'ida allura mai rami suke amfani da ita, sabuwa dal a buɗe ta gabanki, a yar bayan an gama.

Abu na biyu, sifirit yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya tsarkake kayan aiki. A asibiti duk abin da zai ratsa fata sai an dafa shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Bindigar roba ba za ta jure wannan ba. In ɗan jinin da ido ba ya gani ya fantsama a jikinta, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen wuri ba ta mutu ba. Ga nau'in C, ga cuta mai karya garkuwar jiki. Rigakafin hanta kuma sai a 2004 aka saka shi cikin alluran jarirai a Najeriya, don haka da yawanmu a nan ba mu samu ba sai wadda ta je ta nema da kanta, allura uku ce.

Na uku, sandar ɗan kunnen bindiga gajera ce, kuma maƙallin bayanta yana matsewa. Saman kunne dole ya kumbura a farko, in babu sarari sai maƙallin ya nutse cikin fata. Wanda ake fara sakawa ya kamata ya zama mai ɗan tsawo, mai shafaffen baya, in kumburi ya sauka a musanya da gajere.

Zee mai salun: Akwai fa sabuwar da ake yi wa mutum ɗaya a yar, ita nake sayowa yanzu.

Anty Nas: Madalla, wannan ta raba ki da matsalar jinin wani, kuma don ƙasan kunne ba ni da ja. Amma har yanzu cusawa take yi. Sama dai a bar wa allura.

Gwaggo Ige: To kun ji, ashe dai allura ta.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in katse ku, maganar nan ta zo min a kan gaɓa. Ƙanwata da ke zaune wurina ta yi irin wannan hujin satin da ya wuce ba tare da na sani ba. Yanzu saman kunnen ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ko iska ta taɓa shi sai ta yi ƙara. Jiya ba ta runtsa ba, tana cewa yana mata zogi kamar bugun zuciya. Mun je kemis an ba ta Ampiclox da maganin zafi, tana sha amma ƙaruwa yake. Maƙwabciyata ta ce a shafa man goge baki ko a gasa da ruwan zafi a matse.

Anty Nas: Maman Ilham duba min abu biyu yanzu. Ƙasan kunnen, wurin tsohon hujinta, shi ma ya kumbura ko yana nan lafiya? Kuma jikinta da zafi?

Maman Ilham: Ƙasan lafiya lau yake, saman ne kawai har zuwa tsakiya. Tun safe tana jin masassara. Akwai wani wuri da ya yi taushi kamar da ruwa a ciki.

Anty Nas: Ki ajiye wayar nan ku tafi asibiti yau, kada ku kwana. Ku je UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan Sakkwato, ko Asibitin Ƙwararru, ku ce kuna son ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. In dare ya yi ku shiga ta sashen gaggawa. Kada a matse, kada a shafa man goge baki, kada ki cire ɗan kunnen da kanki, likita ne zai ga ko a cire. Ki tafi da kwalin maganin da take sha.

Sauran 'yan uwa ku riƙe wannan alamar: sama ya yi ja ya kumbura yana zogi, ƙasa kuma lafiya. Wannan na nuna cutar ta kama fatar nan da ke ciyar da guringuntsi. Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna sunanta Sudomonas, tana son wuri mai danshi, kuma Ampiclox da Amoxil ba sa kashe ta. Shi ya sa ake sha ana ganin ƙaruwa. In mugunya ta taru tsakanin fatar da guringuntsin, ta raba shi da abincinsa ke nan, cikin 'yan kwanaki sai ya fara mutuwa. Wanda ya mutu ba ya tsirowa. Kunnen sai ya lanƙwashe ya dunƙule irin na tsofaffin 'yan kokawa, gyaransa sai tiyata mai wahala.

Ɗiyar Runji: Anty to wane magani ne ke kashe ta, mu sani?

Anty Nas: Da gangan na ƙi faɗa. In na rubuta sunansa nan, gobe rabin gidan nan na kemis. Ba kowa ake ba shi ba, mai ciki da ƙananan yara sai an duba, kuma in mugunya ta riga ta taru ko shi ba ya wadatarwa sai an tsaga an fitar.

Maman Ilham: Mun fita, Abban Ilham ya kawo mota. Ku sa mu a addu'a.

Gwaggo Ige: Subhanallahi. Allah shi ba ta lahiya. Wanga kam ba na man shanu ba na.

Hajiya Luba: Allah ya sawwaƙe. Ni abin da nake so a gaya wa amarya shi ne ta dubi danginta kafin komai. Mu gidanmu muna da jinin ƙululu. Yayata daga huji na biyu wani abu ya tsiro mata a bayan kunne, tun yana kamar ƙwayar gero har ya fi goro, ga ƙaiƙayi. Aka yanke ya dawo ya fi da. Saboda haka 'ya'yana huji ɗaya na jarirai na yi musu, na ce wadda ta ƙara ba da yawuna ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ummu Sudais: Hajiya ni ma wani ɗan ƙurji ya taɓa fito min a bakin hujin, na tsorata, amma da na daina kwanciya a kai ya baje da kansa.

Anty Nas: Abu biyu ne daban kuke magana a kai. Naki Ummu Sudais ɗan tudu ne na fushin rauni, yana fitowa da wuri, yana tsayawa a bakin hujin, kuma in an cire abin da ke takura masa yakan koma. Na gidan su Hajiya shi ne kiloyid. Tabo ne da ya ƙi tsayawa, yana wuce iyakar raunin, yana da tauri, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana. Ba ya bajewa da kansa. Mu baƙar fata ya fi kama mu, yana bin jini, kunne na cikin wuraren da ya fi so, kuma ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30. Wato daidai shekarun da 'yan mata ke sha'awar ƙarin huji. Ina jin wannan na cikin dalilin da ya sa hudar jarirai ta iyayenmu ba ta cika kawo shi ba.

In ya fara, a je da wuri tun yana ƙarami. Akwai allurar da ake yi a cikin tabon kansa duk bayan sati 4 zuwa 6. Yanka kaɗai ba tare da ita ba yawanci dawowa yake. Kuma don Allah kada a ɗaure shi da zare wai ya faɗi, kada a kai wa wanzami. Duk wadda tabon kaciyar ƙaninta, ko na tiyatar haihuwar mahaifiyarta, ko nata na ƙurajen ƙirji ya yi tudu ya bazu, ta haƙura da hudar sama gaba ɗaya. Haka mai ciwon suga, da mai ciki har sai ta haihu. Masu shafa man bilicin ma ku ji, da yawansu na sa fata ta yi siriri, rauni ya ƙi haɗewa.

Ɗiyar Runji: An zo wurin, kowa ta yi shiru.

'Yar Mabera: Na haƙura har bayan biki, wallahi jikina ya yi sanyi. Zan nemi irin na maƙalawa wanda ba ya buƙatar huji in saka ranar. Amma ina Malama? Wata ta ce min ƙarin huji ma haramun ne, canza halitta ne.

Malama Ummu Abdallah: Ina biye da ku. Asalin hudar kunne ga mace don ado mafi yawan malamai sun halatta. Suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, ranar idi da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kwaɗaitar da mata sadaka suka riƙa cire 'yan kunnensu suna jefawa a tufafin Bilal, bai kuma hana su sakawa ba. Akwai malaman da suka ƙi, irin su Imam Gazali, saboda raunata jiki ne ba da larura ba. Ƙarin huji kuwa malaman zamani sun saɓa, wasu sun ce in adon matan wurin ne babu laifi, wasu sun ƙi. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne hadisi na 32 a Arba'una, babu cuta babu cutarwa. Wadda ta san jininsu na ƙululu ne, ko za a yi mata da kayan da ba su da tsabta, hukuncinta ba ɗaya ba ne da wadda ta tsira daga wannan. Kuma ke da za ki shiga ɗaki, ki ji ra'ayin angon.

Ummu Sudais: Malama alwala fa? Ni a lokacin tsallake kunnen nake yi ina jin tsoro.

Malama Ummu Abdallah: Shafar kunne a alwala sunna ce a mazhabarmu, haka yake tun a Ishmawi da Ahalari, kuma shafa ce ba wanki ba. Ki shafa a hankali ki kauce wa bakin raunin, alwalarki ta yi. Wankan tsarki ne ake son ruwa ya game bayan kunne da cikinsa na fili. In likita ya rufe wurin da bandeji ya hana ruwa, sai a shafa a kan bandejin.

Anty Nas: Kuma ruwa mai tsabta ba ya cutar da huji, barinsa a jiƙe ne matsala. Bayan wanka ko alwala a tsane shi da tishu mai tsabta, ba tawul ba, don zaren tawul na kama ɗan kunne. Musamman watannin zafin nan namu daga Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40, gumi a ƙarƙashin hula da hijabi mai roba ya wuni a kan rauni. In kina cikin gida ki bar kunnen ya sha iska. Da hunturu kuma ƙura ce, ki rufe da mayafi mara nauyi in za ki fita.

Tunda wasu sun riga sun yi, ga kulawar, ba ta da yawa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki kusanci wurin. Sau biyu a rana ki jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, mai kashi 0.9 cikin ɗari, ana samunsa a manyan shagunan magani. In babu, ki tafasa ruwa, ki zuba rubu'in ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, ya huce, kuma kullum sabo za ki haɗa. Kada ki cika gishirin wai don ya fi ƙarfi, ƙona wurin zai yi. Ruwan 'yan garuwa ko na tanki kada ya taɓa shi sai an tafasa. Ɗan ruwa fari-fari da ke fitowa ya bushe ya yi ɓawo ba mugunya ba ne, ki jiƙa shi ya saki da kansa, kada ki ɓantare.

Sifirit, aidin, Dettol, Robb, man zafi, kananzir, turare, duk a'a. Suna kashe sabon naman da ke tsirowa. Man shanu da basilin kuma toshe wurin suke su tara ƙura.

Zee mai salun: Juyawa fa? Mu dai abin da aka koya mana shi ne a riƙa juya ɗan kunnen safe da yamma don kada ya manne.

Anty Nas: Tsohon ilimi ne, mu ma haka muka taso muna ji, amma an bar shi. Ƙarfe mai kyau ba ya mannewa da nama. Duk juyi ɗaya kina yage abin da ya fara haɗewa, kina kuma tura ɓawo da datti ciki.

Asabe mai kitso: Ni roƙona ɗaya, mai sabon huji ta faɗa min kafin in fara. Tsinken kitso ko mataji ya fizgi ɗan kunne, sai kuka, sai a ce muguwa ce ni. Kuma batun kwanciya, ku naɗe ɗankwali kamar gammo ku sa kunnen a ramin, wata kwastomata ce ta koya min.

Anty Nas: Asabe wannan dabarar ta yi. A ƙara da canza rigar filo a kai a kai, a koma amsa waya da ɗaya kunnen. Shi ya sa ma ba a son huda kunnuwa biyu rana ɗaya, ta ina za ki kwanta?

Hajiya Luba: A yi maganar ƙarfen ma. 'Yan kunnen yayi na kasuwa masu ruwan gwal, wankin sama ne kawai, in ya goge sai ƙaiƙayi da baƙi. Gwal na gaske ku duba hatimi, 750 shi ne karat 18, 875 shi ne karat 21, 916 shi ne karat 22.

Anty Nas: Ƙarfen da ke kawo ƙaiƙayin nan nikel ne, yana cikin mafi yawan na araha. Wadda maɓallin wandon jins ko bayan agogo ke sa wa ƙuraje, jikinta ba ya shiri da shi. Don sabon huji a nemi titaniyom ko gwal na gaske mai karat 14 ko 18, mara nauyi, mai sanda ba zobe ba, don zobe yana yawo yana goga rauni. Azurfa a bari sai ya warke, tana iya barin baƙin tabo.

Maman Ilham: Salam, yanzu na samu zama. Likita ya gani, ya cire ɗan kunnen, sun yi mata allurar kashe zafi sun tsaga wurin. Mugunyar da ta fito ba kaɗan ba ce, sun ɗebi wata za a kai gwaji. An naɗe kunnen, an canza magani, kuma sun riƙe ta za a riƙa yi mata ta jijiya. Na tambaya ko kunnen zai koma yadda yake, ya ce sai kumburin ya sauka za a gani.

Gwaggo Ige: Alhamdulillahi da kunka tahi. Allah shi tashi kahwaɗunta.

Anty Nas: Amin. Maman Ilham in an sallame ku, ko ta ji sauƙi kada ta yanke maganin, kuma ranar da aka ce ku dawo wanki ku dawo, don mugunyar takan sake taruwa. Ki tambaye su ma ko tana buƙatar allurar tetanus, tunda ba ki san da me aka huda ta ba.